Gurbi Biyu a Motar Yamai

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Wata bakwai ban taɓa littafin nan ba. Shafi na ƙarshe da na rubuta, ranar da anka kai Yaya Balkisa makwancinta ne, kuma layi guda ne. Yau na sake buɗe shi don in ban rubuta ba sai na faɗa wa wani, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Da hantsi direktan lakkol ɗinmu, Mushe Sidi, ya shigo ajina da wata mata, Madam Kadidiya, shugabar wata ƙungiyar mata ta nan Tawa mai taimakon waɗanda ciwon dajin nono ya kama. Doguwa ce, ba ta da kewaye-kewaye. Ta tsaya gaban yara ta ce masu ita kanta an yanke mata nono guda shekara shida da sunka wuce, ga ta nan tana cin tuwo. Yara sunka yi dariya, sannan sunka yi tsit. Ta ce ƙarshen watan nan suna son ɗaukar mata goma sha biyar daga ƙauyuka su kai su Yamai: mota, masauki, ganin likita, da abin da ya biyo baya gwargwadon hali. Ta ce ba roƙon yara ta zo yi ba, so take su kai wa uwayensu labari.

Jannatu ta ɗaga hannu. Ɗiyar Yaya ce, shekara goma sha ɗaya, tana wurina tun rasuwar, kuma tana ajina. Wata bakwai ba ta ɗaga hannu a aji ba.

"Madam, in mu munka nemo kuɗin motar, kuna karɓa?"

Madam Kadidiya ta dube ta ta daɗe, ta ce, "Muna karɓa, ɗiyata."

Ni na juya ina goge allon da ba komai a kansa.

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe biyar na marece

Yaran nan sun ɗauki abin da zafi. Sun tara gwangwanayen madara sun huhhuda su. Uwar Sa'adiyya ta ba su wuri a firjinta su riƙa sanya bisab, wato zoɓo, ya daskare, sai dai wuta ba ta zama, rabinsa ruwa suke saidawa. Mansur da abokansa suna wanke babura a ƙofar lakkol. Hamid, da mahaifinsa ke zuwa daga arewa, ya kawo cuku ya ce a saida. Jannatu na yanka ƙyalle ruwan hoda tana maƙala wa duk wanda ya saka wani abu.

Madam Kadidiya ta ba ni takardar sunayen matan da za su tafi, ta ce ni ce mai rubutu mai kyau. Duk wadda ungozoma ta duba ta ce a kai ta, ni zan rubuta.

Sau ɗaya zan rubuta sunansa a littafin nan: Almoustapha. Mijin Yaya, uban Jannatu, dillalin shanu. Daga nan sunansa mutumin.

Yaya ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ta gaya masa, ya ce shi matarsa ba za ta buɗe ƙirji gaban wani ƙato ba, ko likita ne. Yayarsa Raƙiya ta taso daga ƙauyen Affala ta ce wannan jifa ce, ta san mai magani. Anka shafa, anka sha, anka yi turare, wata goma sha huɗu. A lokacin yana da kuɗi, ba kamar yanzu ba. A cikin watannin nan ya sayi babur sabo, ya ɗaga katanga. Da abin ya fashe ya soma wari, ya maida ta ɗakin ajiya, inda yake tara dusa da igiyoyi, wai baƙinsa suna ji. Ranar da na zo da mota na ɗauke ta da ƙarfi, yana zaune a zaure yana shan shayi, bai tashi ba. Likitan Yamai ya duba ta, ya fito ya tambaye ni, "Ina kunka kasance?"

Ina kunka kasance. Har yau ina jin muryarsa.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Ranar kasuwa. Na raka yaran da gwangwanayensu. Mata masu saida kuka da daddawa sun fi masu manyan shaguna bayarwa. Wata tsohuwa daga Kalfu ta kwance bakin zanenta ta saka, ta ce ƙanwarta ma haka ta tafi, ba su taɓa sanin sunan ciwon ba.

Ina can ina raba Mansur da wani mai amalanke, ashe Jannatu ta zame ta nufi kasuwar shanu. Sa'adiyya ta ba ni labari. Wai ta je har inda mutumin yake cikin abokansa, ta gaishe shi ta durƙusa, ta miƙa masa gwangwani. Ya ce na mi ne. Ta ce, "Baba, don kada wata ta mutu irin ta Inna." Ya laluba aljihu ya saka, ya juya yana duba haƙoran wani bajimi da ba nasa ba.

Da munka dawo na zazzage gwangwaninta a faranti don in ware nasa in jefar a salga. Duk iri ɗaya ne. Na maida su.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan asuba

Allah, ba na roƙon ka kashe shi. Ka bar shi ya daɗe, ya buƙaci mutane.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe shida na marece

Ban san ana amsa addu'a da sauri haka ba.

Ya zo. Jannatu ta tafi islamiyya, ina tankaɗe, na ji sallama. Ya rame. Tun da anka rufe iyaka kasuwarsa ta kwanta, babur ɗin ma ya saida. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ban ba shi ruwa ba.

Ya yi gaisuwa mai tsawo, gida da aiki da zafi da kaka. Na amsa ta a gajarce.

"Malama Hajara, an ce ke ad da takardar masu zuwa Yamai."

"Ni ce."

"Yaya Raƙiya ce. Ba ta lafiya. Wata biyar ke nan." Ya dubi ƙasa. "Irin na... irin wancan."

"Irin wane, Baban Jannatu? Ciwo da yawa ne a duniya."

Na bar shi har sai da ya faɗa da bakinsa: "Irin na Balkisa."

Ya ce ungozomar Affala ta duba ta, ta ba su takarda. Ya zaro ta daga aljihu, ta yi laushi don gumi. Ya ce ba shi da halin kai ta da kansa. Ya ce yana son a rubuta ta cikin sirri, ba ya son ƙauye su ji.

Na ce, "Ina mai maganin nan nata? Ko ya mutu?"

"Hajara, don Allah."

"Takarda ta cika."

Ba ta cika ba. Mata goma sha uku ne a kai. Gurbi biyu na nan fari fat.

Ya tashi zai tafi, sai na ji bakina yana magana. Na ce ranar Asabar ashirin da takwas ga wata yara na yin bikin rufe tarin a filin lakkol, da iyaye, da ƴan rediyo. In ya hau ya karɓi lasifika ya faɗa wa mutanen Tawa abin da ya yi wa yayata, tun daga likitan da ya hana har ɗakin dusa, zan ga ko wata za ta matsa wa Raƙiya.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Gaban ɗiyata?"

Na ce, "Gabanta kay yi."

Ya bar takardar ungozoma a kan tabarma ya tafi. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin akwati. Na ci tuwo malmala biyu. Rabon da in ci haka tun kafin azumi.

Alhamis, 19 ga Oktoba, lokacin hutun yara

An kawo suna guda daga Bambeye. Na rubuta a wata ƴar takarda daban, don in na sa a babbar, gurbi ɗaya zai rage, kuma ina son in riƙa ganin biyun nan. Na ce gobe. Dubi abin da nake zama. A'a, ba zan duba ba. Shi bai duba ba wata goma sha huɗu.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Na rubuta ta Bambeye. Ita ba ta yi mani komai ba. Saura ɗaya.

Asabar, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Ƙungiya ta ba da mota anka kai yara goma Affala roƙon hatsi, tunda kaka ce, manoma sun fi samun dami da kuɗi. Na so in hana Jannatu zuwa, ban sami dalilin da zan faɗa ba. Ni na ce kaina ke ciwo, Mushe Sidi ya raka su.

Sun dawo da dammunan hatsi har saman mota, suna waƙa. Ita ba ta waƙa. Ta shigo ta wanke ƙafa, ta zauna a bakin murhu, ta ƙi cin abinci.

"Mi ya faru?"

"Na je gaida Goggo Raƙiya."

"To?"

"Ta ƙi in matso. Ta lulluɓe da zane biyu cikin zafin nan. Ta ce mura take." Ta tsinke wani kara tana karyawa. "Tanti, ba mura ba ce. Na ji warin."

Yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ta san warin nan. Su sunka koya mata shi, shi da yayarsa. Wannan ma na ƙara a kansu.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da hantsi

Ina wanki ta zo ta tsuguna tana ɗauraye mani.

"Tanti, ki rubuta Goggo."

"Ta cika."

"Duka sha biyar?"

"Na ce maki ta cika."

"To mu ƙara tarawa, a ɗauki mota babba."

"Jannatu, kin manta wa ya kawo mai maganin da ya riƙa shafa wa uwarki toka da man shanu?"

Ta ce, "Ban manta ba. Amma ita ce ke yi wa Inna wanka a ɗakin nan, lokacin da kowa ya gudu."

Lokacin da kowa ya gudu. Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Ina ce wa kaina ba da ni take ba. A lokacin ni ina da aji, ina da jarrabawar yara, kuma mutumin ya hana ni shiga gidan. Sau biyu ya hana ni. Sau biyu.

Talata, 24 ga Oktoba, bayan asuba

Saura kwana shida mota ta tashi. Bari Raƙiya ta ji abin da Yaya ta ji. Ta kwanta ta gefe guda. Ta ji ƙuda na binta. Ba ni na sa mata ba.

Laraba, 25 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Ya tare ni a ƙofar lakkol bayan an tashi, cikin rana tsaka, masu wanke babura na kallo. Ya ce zai zo gida gaban dattawan danginmu ya nemi gafara, zai durƙusa in ina so. Ya ce zai je kabarinta. Ya ce mutum ne shi mai cin abinci da mutuncinsa, dillali in ya zube a idon jama'a ba mai sake ba shi igiyar akuya.

Na ce, "Lasifika."

Ya ce, "Ke ba ki tsoron Allah?"

Na ce, "A gidanka na koyi yadda ake yi."

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, na ga maganar ta zo har leɓensa, sai ya haɗiye. Ya gyara hularsa ya tafi a ƙasa. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana. Takalminsa ɗaya ya tsinke, an ɗaure da waya. Na ji daɗi. Na rubuta don kada wata rana in ce ban ji ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau yara sun yi gwajin wasan da za su nuna ranar biki. Sa'adiyya ce marar lafiya, Jannatu ƙanwarta. Su sunka tsara abinsu, ba wanda ya koya masu. Sa'adiyya ta kama hannun Jannatu ta ɗora a ƙirjinta ta ce, "Taɓa ki ji." Jannatu ta ce, "Tashi mu tafi likita yanzu-yanzu."

Na fita daga ajin.

To, bari in rubuta, tunda littafin nawa ne.

Ni Yaya ta fara nuna wa. Kafin shi, kafin Raƙiya. Wata Juma'a tana yi mani kitso, ta saki kaina ta kama hannuna ta ce in taɓa. Kamar ƙwallon magarya yake, bai fi haka ba. Ni ce mai ilimin gidanmu, ni take tambaya komai. Na ce, "Ba komai ba ne, Yaya, bari a gama jarrabawar yara in raka ki." Anka gama jarrabawa, anka shiga damina, na tafi horon malamai, na dawo. Wata huɗu. Ba ta sake tuna mani ba, ni ma ban tambaya ba. Sai daga baya ta gaya masa.

Wata huɗu nawa. Goma sha huɗu nasa. Nasa ya fi. Ko wa ya auna, nasa ya fi. Ni ban sa ta ɗakin dusa ba.

Ba wanda ya sani sai ni da ita, kuma ita ta tafi.

Juma'a, 27 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na marece

Madam Kadidiya ta zo gida. Ba ta zauna ba.

"Malama, ba ni takardar."

Na ba ta. Ta bi sunayen da yatsa har ƙasa.

"Sha huɗu. Ɗiyarki ta zo ofis jiya da ƙawarta, a ƙasa, cikin rana. Ta ce su yara sun yi shawara za su ƙara kwana uku suna tarawa don a ƙara wa goggonta kujera, tunda kin ce ta cika. Na kira ungozomar Affala, ta ce tun farkon wata ta ba da takarda. Tana ina?"

Na ɗaga akwati na ɗauko. Ta karɓa, ta zaro alƙalami ta rubuta Raƙiya a layi na sha biyar, a tsaye, a kan tafin hannunta.

Na soma gaya mata ko su wane ne, da abin da sunka yi. Ta ɗaga hannu.

"Na san labarin Balkisa. Ni ma mijina ya sake ni ina kwance da ɗinki. Amma kuɗin nan na yara ne. Bisab sunka saida. Ba su tara don ki yi bulala da shi ba."

Ta tafi da takardar. Ba ta san da maganar lasifika ba, ban gaya mata ba.

Jannatu ta dawo, ban ce mata komai ba, ita ma haka. Kafin ta fita ɗazu, Madam ta ce sai gobe bayan biki za ta aika Affala da saƙo.

Ke nan shi bai sani ba.

Lambarsa na cikin wayata. Na ɗauko na duba, na aje. Na sake ɗaukowa bayan sallah, na aje.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan magariba

An yi.

Fili ya cika. Iyaye, malamai, matan ƙungiya da ƙyallensu ruwan hoda, ɗan rediyo da na'urarsa. Yara sun yi wasansu, mata na share hawaye da bakin mayafi. Mushe Sidi ya sanar cewa abin da yara sunka tara, da hatsin da anka saida, ya ishi mota har da masauki. Anka yi guɗa. Anka kira Jannatu gaba don ita ta fara, ta tsaya tana murmushi, haƙoranta duk a waje. Na manta tana da wushirya.

Sai na hango shi. Ya sa farar rigarsa ta idi. Ya ratso mutane ya je wurin Mushe Sidi ya yi masa magana a kunne. Mushe Sidi ya ɗauka gudummawa ya kawo, ya miƙa masa lasifika da fara'a.

Ina da lokaci. Taku goma ne tsakaninmu. In ce masa an rubuta, ka koma. Na tsaya inda nake.

Ya yi sallama. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Ya ce, "Ni ne mijin Balkisa, uwar yarinyar ga." Sannan ya faɗa. Bai rage komai ba. Ya ce ya hana ta likita don kishin banza. Ya ce yana da kuɗi ya sayi babur. Ya ce ya fidda ta daga ɗakinta ya kai ta inda yake aje dusa, don yana jin kunyar baƙi. Ya ce da dare tana kiran sunansa yana yin kamar ya yi barci. Wannan ban sani ba. Wannan ban nema ba.

Muryarsa ta karye, lasifika ta yi ƙara. Fili tsit, sai kukan wani jariri. Ya ce, "Maza, kada ku yi yadda niy yi." Ya miƙa wa Mushe Sidi lasifikar.

Na jira daɗin. Ya zo, ba zan yi ƙarya ba. Ya zo kamar ruwan sanyi a maƙogwaro.

Sai na dubi Jannatu. Tana nan tsaye a gaba, inda anka kira ta don a yaba mata, duk ƴan ajinsu na kallonta. Gwangwani na hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta aje shi a ƙasa a hankali, ta bi bayan ubanta, ta kama gefen rigarsa. Haka sunka fita daga filin, mutane na buɗa masu hanya.

Madam Kadidiya ta juyo ta nemo ni da ido cikin taron. Ta gane.

Lahadi, 29 ga Oktoba, da hantsi

A gidan ubanta Jannatu ta kwana. Da safe ta zo, ta tsaya a tsakar gida ba ta cire takalmi ba.

"Tanti, Baba ya ce ke kinka ce ya yi, don a rubuta Goggo."

"Ni ce."

"Madam Kadidiya ta ce tun Juma'a ta rubuta ta. Gabanki."

"Haka ne."

"Kin sani, kinka bar shi?"

"Na sani. Don uwarki na yi, Jannatu."

Ta ce, "Ranarmu ce. Mu munka tara."

Ta juya ta fita. Na bi ta har ƙofa ina kiran sunanta, maƙwabta na leƙe.

An sa maganarsa a rediyo sau biyu. A rijiya, a kasuwa, ba zancen da ake yi sai shi. Wasu na tsine masa, wasu na cewa namiji ne. Ban yi tsammanin za a sami masu cewa namiji ne ba. Uwar Sa'adiyya ta ce mata uku sun je wurin ungozoma yau, mazansu sunka kai su da kansu. Ban san inda zan aje wannan ba.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na nemi izinin awa guda na je tasha. Ba wanda ya gayyace ni.

Mata goma sha biyar da ƙunshin kayansu. Yara sun zo rakiya, suna loda ruwa da buhun gari. Raƙiya na bakin taga, ta zama rabin yadda na san ta. Jannatu na tsaye a ƙasa tana miƙa mata fura. Mutumin na can gefe, ba wanda ya tsaya kusa da shi.

Raƙiya ta hango ni ta yafito ni. Na so in ƙi, ƙafata ta kai ni. Na ji warin tun kafin in isa.

"Hajara."

"Sannu."

"Ki yafe mani abin da niy yi wa Balkisa. Abin da na sani ke nan a lokacin."

Na kau da kai ina kallon masu loda kaya.

Ta aiki Jannatu ta ƙaro ruwa. Sai da ta ga ta yi nisa ta sunkuyo ta rage murya.

"Wata rana ina yi mata wanka ta gaya mani ke ta fara nuna ma. Ta ce in kin zo kada mu tada maganar, kina da saurin ɗora wa kanki laifi. Na gaya wa ƙanena tun lokacin. Ranar Juma'a da ya ce mani zai hau lasifika, na ce to ka faɗi nata ita ma. Ya ce a'a. Ya ce yarinyar ba ta da uwa, in ta rasa shi, kada ta rasa ki ke ma."

Direba ya tada mota. Yara sunka bi ta da gudu suna ɗaga hannu har bakin kwalta.

Na koma aji na yi masu lissafi. Ban san abin da na rubuta a allo ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Ya sani. A ƙofar lakkol da ya haɗiye maganar nan, ita ce. Na tsane shi don ya haɗiye. Da ya faɗa, da mun yi daidai.

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Madam Kadidiya ba ta kira ni ba. A bakin Mushe Sidi na ji cewa likitoci sun duba matan. Raƙiya za a soma mata ƙarin ruwan magani, in ciwon ya ja baya a yi aiki. Sun ce ba su yi alkawari ba.

Jannatu na zuwa aji kullum, tana yin aikinta, tana amsa tambaya in na kira ta. Da an tashi sai ta bi hanyar gidan ubanta.

Yau ta zo kwasar kayanta. Ta naɗe tabarmarta, ta sa littattafanta a buhu, ta ɗauki ƙaramin akwatin uwarta. Na soya mata ƙwai, ta ce ta ci abinci. Na taya ta ɗora akwatin a ka.

A bakin ƙofa na ce, "Yaushe za ki dawo?"

Ta yi tunani, da gaske ta yi tunani, ba don ta ƙona mani rai ba.

"Sai Goggo ta dawo, Tanti."

"In kuma..."

"Sai ta dawo."

Ta tafi, akwatin na rangaji a kanta.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, bayan asuba

Ban yafe masa ba. Raƙiya ma ban yafe mata ba.

Yau bayan sallah na ɗaga hannu na roƙa wa Raƙiya lafiya. Na ambaci sunanta sau uku, na roƙi Allah ya sa maganin ya kama, ya sa a yi aikin, ya maido ta Tawa da ƙafafunta. Na daɗe ina roƙo har gwiwata ta yi tsami.

Allah ya san dalilina. Ina fata zai karɓa duk da haka.